Ka Auna Rumbu Kafin Ka Kwaso: Amsa Ga Wani Ɗalibi A Gonin Gora

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Gonin Gora, kan hanyar Abuja, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. Wani saurayi ne mai koyon rubuta manhajar kwamfuta ya aiko ta. Ya ce da rana yana taya wansa tsaron shago, da dare kuma yana karatu. Kwanan baya ya sayi data ta wata guda, malaminsu ya ce su sauko da wani aiki daga GitHub. Ya ba da umarni ya je sayen burodi, kafin ya dawo data ta ƙare ƙaf, aikin kuma bai kammala sauka ba. Tambayarsa ita ce, shin akwai yadda mutum zai san girman abu kafin ya fara sauko da shi?

To ƙanena, sannu da wannan asara, Allah Ya mayar da alheri. Amsa kuwa ita ce ƙwarai akwai hanya, kuma layi ɗaya ne tak.

Amma bari mu fara yi wa sauran jama'a bayani, don kada mu bar su a baya. Masu rubuta manhaja suna ajiye aikinsu a wani ma'aji da za mu kira rumbu. Abin da ke kula da rumbun sunansa Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Shi kuwa GitHub, dandali ne a intanet da aka buɗe a 2008, inda ake jibge irin waɗannan rumbuna, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018.

To ga inda gizo ke saƙar. Git ba ya mantuwa. Duk gyaran da aka yi tun ranar da aka soma aikin yana nan a ajiye. In wani ya taɓa jefa bidiyo a ciki shekaru biyar da suka wuce, daga baya aka goge, to yana nan kwance cikin tarihi. Idan ka ce git clone, ba hatsin bana kaɗai ka ce a kawo maka ba, har da na bara da na bara waccan. Wani abin takaici kuma, in ya katse a tsakiya ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya. Sai dai ka koma farko.

Yanzu sai ka ɗauko biro. Ka buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni. In kwamfutarka Windows ce, ka buɗe Git Bash. In waya ce Android, Termux zai yi. Na roƙi edita ya buga umarnin harafi da harafi, ga shi:

curl -s https://api.github.com/repos/torvalds/linux | grep '"size"'

Inda aka rubuta torvalds sai ka sa sunan mai rumbun, inda aka rubuta linux kuma ka sa sunan rumbun. Ma'anarsa, ka aiki ɗan aike ya tambayo maka bayanin rumbun ba tare da ya ɗauko komai ba, datar da zai ci kuwa ba ta kai ta hoto ɗaya ba. Zai dawo maka da lamba. Ka lura da kyau, lambar nan a kilobait take. Ka raba ta da 1,024 ka sami megabait. Misali in ka ga 850,000, to wajen megabait 830 ke nan. In ko lambar ta haura miliyan ɗaya, ka shiga gigabait. Wannan rumbu na Linux da na ba da misali da shi gigabait da dama ne, saboda haka tambaya kawai za ka yi, kada ka sauko da shi.

Abu uku nake so ka riƙe. Na farko, lambar nan ƙiyasi ce. Matsattsen tarihi take aunawa, in an warware kayan a kwamfutarka suna iya fin haka cin wuri, kuma wasu manyan fayiloli da akan ajiye a gefe ba sa cikin lissafin. Don haka ka bar rara. Na biyu, wanda bai gabatar da kansa ba, tambaya 60 kawai GitHub ke ba shi a awa ɗaya, kuma in kuna da yawa a kan layin intanet ɗaya, kamar a ɗakin karatu, a matsayin mutum ɗaya ake ƙirga ku. Na uku, in rumbun na sirri ne zai ce maka bai gan shi ba, sai ka shiga da mabuɗin asusunka. Mabuɗin nan kuwa kada ka ba kowa, ko da abokinka ne.

To idan ka auna ka ga ya fi ƙarfinka fa? Ba sai ka haƙura ba. A ƙarshen git clone ka ƙara wannan, sannan adireshin rumbun ya biyo baya:

git clone --depth 1

Wato ka ce a ba ka na yau kaɗai, a bar tarihi. Ga ɗalibi mai son karanta aiki ya gwada, wannan ya wadatar. Ran da ka sami intanet mai yalwa, sai ka shiga cikin rumbun ka ce git fetch --unshallow, sauran tarihin ya biyo. Sai dai in manyan kayan suna cikin aikin na yau ɗin, wannan dabara ba za ta rage maka da yawa ba. Wanda kuma ka riga ka sauko da shi, du -sh zai gaya maka wurin da ya ci.

Ina kuma kira ga malamai masu koyar da wannan sana'a a Kaduna da kewaye. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, abin ya zame wa yara nauyi. Don Allah in za ku ba da aiki, ku rubuta girmansa kusa da adireshinsa. In ajin mutum talatin ne, mutum ɗaya ya sauko da shi, saura su kwafa a filashi.

Kai kuma ƙanena, kada wannan ya karya maka gwiwa. Ko mota za ka shiga a bakin titin garinku, ai sai ka ji kuɗinta kafin ka zauna. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kai kuwa ɗan Gonin Gora ne, ka fi kowa sani. Ka gaishe mana da wanka, ka kuma sake rubuto mana mu ji yadda ta kaya.

Jama'a, nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.