Wa Zai Raka Tsohon Soja Zuwa Makwancinsa?

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna Maiduguri)



Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, masu unguwanni, iyayenmu mata, 'yan'uwa matasa, barkanmu da war haka. An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan 'yan mazan jiya, watau tsofaffin sojan da ke zaune a cikinmu, musamman yadda muke yi musu sutura in ta Allah ta kasance. Ina roƙon malamai su ba ni kunne, domin akwai inda maganar za ta biyo ta kansu.

Jama'a, jana'izar soja iri biyu ce a garin nan. Ta farko ita ce wadda ake yi a maƙabartar barikin Maimalari, ga wanda ya faɗi a bakin daga. Tun da aka kafa Runduna ta 7 a nan Maiduguri a 2013, wannan maƙabarta ba ta huta ba. Can aka binne Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba da yaransa da aka kashe a Metele a 2018, can kuma aka kai Kanar Ɗahiru Bako a watan Satumba na 2020. Akan lulluɓe mamacin da tutar ƙasa, a yi masa salla ko addu'a bisa addininsa, a harba bindiga sama, mai begila ya busa, sa'an nan a naɗe tutar a miƙa wa magajinsa. Wannan aikin hukuma ne, tana kuwa yin abinta.

Ta biyun ita ce tamu. Dattijo ne a Hausari ko Bulabulin, ya bar kaki shekara talatin ko arba'in da suka wuce, ya yi gadin kanti har ƙarfinsa ya ƙare. Ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi maƙabartar Gwange an dawo. Rabin waɗanda suka bi makararsa ba su san ya taɓa riƙe bindiga ba. Abokan aikinsa da suka rage sai bayan sadakar uku labari ya kai musu. Babban hafsa dai ko ya yi ritaya ba ya rasa masu zuwa. Ina magana ne a kan kurtu da kofur da saje.

Wani zai ce mene ne namu a ciki? To, namu ne kuwa. A zamanin Turawa da Hausa ake ba da umurni a bariki, kuma yawancin kuratan daga Arewa aka ɗebo su. Iyayenmu da kakanninmu suna cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙi da Japanawa a dajin Bama daga 1943 zuwa 1945. Sunayen da kuke ji a barikoki, irin su Arakan a Legas da Chindit a Zariya, duk daga can aka samo su. Barikin Bukavu na Kano kuwa tunawa ne da aikin Kwango na 1960 zuwa 1964. Mutanen Bama sun tafi, sai mu ce Allah Ya jiƙansu, kuma akasarinsu haka muka binne su shiru. Yanzu layi ya zo kan mutanen yaƙin basasa. Sojan Nijeriya ba su fi 10,000 da 'yan kai ba kafin yaƙin, amma da aka gama a 1970 sun kai wajen 250,000. Ku lissafa da kanku: wanda ya shiga yana ɗan shekara 20 a 1967, yau tamanin yake nema. Bayansu ga na Laberiya da Saliyo, waɗanda aka fara turawa a 1990.

Gaskiya ne kowace shekara ranar 15 ga Janairu akan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya, a sayar da ɗan tambarin nan da ake maƙalawa a ƙirji, manya su ajiye furanni. Da can ranar 11 ga Nuwamba ake yi kamar Ingila, aka mai da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare. Ga mutanen Borno ma ranar tana da wani nauyin, don a irinta ne a 1966 aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari, wanda barikin ke ɗauke da sunansa. Amma fa ajali ba ya jiran Janairu.

Bari in ɗan kai ku Amurka, don ku ji ba mu kaɗai abin ya dama ba. Daga shekarar 2000 dokarsu ta wajabta cewa duk tsohon sojan da ya bar aiki lafiya, in iyalinsa sun nema, sai an turo aƙalla soja biyu cikin kaki su naɗe tuta su miƙa, a kuma busa masa begila. To, sai aka tarar masu mutuwa sun fi ƙarfin masu busa, har ta kai ana kunna na'ura a bakin kabari. Nan ne 'yan sa-kai suka shigo. Wani tsohon soja mai suna Tom Day ya kafa ƙungiyar masu busa kyauta a wannan shekara, ƙungiyoyin tsofaffin soja na garuruwa kuma suka riƙa fitar da tawaga, dattawa masu furfura, ba albashi ba alawus. A babbar maƙabartar soja ta Alintan akwai ma ƙungiyar mata tun 1948, aikinsu kawai su halarta don kada a binne soja ba kowa a kansa. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge ni.

Ban ce mu kwaso nasu dungurungum ba. Harbin bindiga dai, ni a ganina, mu ajiye shi gefe. Garin da ya sha abin da Maiduguri ta sha, in aka ji ƙara uku daga wajen Gwange, kafin a yi bayani Kasuwar Litinin ta watse. Ba mu da bindigar ma, ba kuma hurumin farar hula ba ne. Haka nan ba za mu ajiye gawa kwana biyu muna jiran masu fareti ba, alhali addini ya ce a gaggauta. Batun ɗora tuta a kan makara da busa begila, wannan na malamai ne, su zauna su ba mu fatawa, mu bi. Amma ban ga malamin da zai hana tsofaffin abokan mutum su sa kayansu da lambobinsu, su yi sahu, su karɓi makara daga ƙofar gida, su tsaya har a gama rufe ƙasa ba. Ban kuma ga laifi ba in bayan an shafa fatiha wani ya miƙe ya ce, wane ɗan wane ya yi aiki a bataliya kaza, daga shekara kaza zuwa kaza, ku sa shi a addu'a. Minti biyu ne, amma jikokinsa za su girma da shi.

Masu yin wannan aiki suna nan, ba sai an ƙirƙiro su ba. Ƙungiyar tsofaffin soja ta ƙasa, wadda muka fi sani da Lijin, tun 1964 aka kafa ta da doka, tana kuma da reshe a jihar nan. Abin da ya hana su zuwa ba ƙiwuya ba ce. Labari ne ba ya isa gare su da wuri, in ya isa kuma ga tsufa, ga rashin kuɗin Keke Napep. Abin da nake nema ke nan daga wannan ƙungiya: a kowace unguwa a sami matasa biyu ko uku su bi gida-gida tare da mai unguwa, su rubuta sunan kowane tsohon soja, da lambarsa ta aiki, da inda ya yi yaƙi, tun yana da bakin faɗa. In rasuwa ta faru, kafin a gama wanka an buga waya, mai mota a cikinmu ya ɗebo dattawan. Garin da matasansa suka fito da gora a 2013 suka tsare unguwanninsu, ba zai gaza fitar da masu wannan ba. Su ma 'yan gorar da suka rasa rayukansu, ina ganin a buɗe musu shafi a littafin.

Sai inda ya fi ciwo, watau bayan an watse daga zaman makoki. Matar tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, ba ta fita, ga shi kuwa sai an sanar da Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja, an nemi takardar shaidar mutuwa, an fito da takardar sallamarsa daga aiki. Sau da yawa takardar tana ƙasan adaka, gara ta taɓa, ko ambaliyar Alau ta watan Satumba na 2024 ta tafi da ita. Don haka masu rubuta suna su ɗauki hoton takardun tun yanzu, a ajiye wa sakatare. Muna da ma'aikata da lauyoyi a cikinmu, ɗaya ya ɗauki gida ɗaya ya bi musu har a ga ƙarshen abin.

Kada kuma mu tsaya kan Bahaushe kaɗai. Mu baƙi ne da Shehu da jama'arsa suka karɓa hannu biyu, har aka ba mu unguwa da sunanmu. In maƙwabcinka tsohon soja Babarbare ne, ko Babur, ko Margi, ko Kirista ne daga Filato da ya yi ritaya ya zauna, a rubuta shi. Ranar tasa mu je mu yi wa iyalinsa ta'aziyya, mu kai masa abokansa.

Sakatare ya ajiye littafi a bakin ƙofa. Wanda ya san wani tsohon soja a layinsu ya rubuta sunansa da unguwarsa kafin ya fita, masu mota su sa lambar waya. Malamai kuma muna jiran amsarku a kan tuta da begila a taro mai zuwa, in Allah Ya kai mu.