Gobarar da ke Sauka daga Daji zuwa Gari

Jawabin da aka gabatar a taron reshe

 

Ranar 7 ga Janairu, 2025, wuta ta tashi a tsaunukan da ke kewaye da birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya a Amurka. Kafin a shawo kanta, ta cinye gine-gine fiye da 16,000, mafi yawansu a unguwannin Pacific Palisades da Altadena, kuma aƙalla mutum 30 sun rasu. Makarantu na cikin abin da ya ƙone. Wannan birni ne mai arziki da kayan aiki, don haka ya kamata mu tambayi kanmu yadda wutar daji ta ci gari irin wannan.

Shekara biyu a jere an sami ruwan sama mai yawa, ciyawa da ƙananan itatuwa suka yi kauri. Daga nan aka shafe watanni ruwa bai sauka ba, duk suka bushe ƙayau. Sai ga iskar da suke kira Santa Ana, busasshiyar iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga hamadar cikin ƙasa zuwa bakin teku. Ita ce ta riƙa ɗaukar garwashi tana jefa shi nesa da bakin wutar, a kan rufi, cikin tarin ganye, ta kafofin iska na gidaje. Gida ɗaya na kamawa, shi ne zai zama makamashin na kusa da shi. Daga nan wuta ba ta ƙara buƙatar daji.

'Yan kwana-kwana sun yi iya ƙoƙarinsu. A daren farko ƙarfin iska ya hana jiragen sama zuba ruwa, wasu famfunan kashe gobara na Pacific Palisades kuma suka ƙafe, domin an tsara su ne don gobarar gida ɗaya ko biyu. An kawo ɗauki daga Kanada da Meksiko, har fursunoni ɗaruruwa sun shiga aikin, suna share ciyawa da hannu don datse hanyar wuta. Wannan ya nuna mana cewa in wuta ta riga ta shiga unguwa cikin iska, jarumtaka kaɗai ba ta tsayar da ita. Babban taimakon da za a yi wa ɗan kwana-kwana shi ne aikin da aka yi kafin a kira shi.

Hausawa sun ce idan ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da tamu busasshiyar iskar, wato hunturu, kuma ba mu manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ba. Makarantunmu da yawa suna bakin gari, ciyawa ta kewaye su, ga masu ƙona daji don farautar gafiya.

Saboda haka muna roƙon kowane shugaban makaranta, da zarar damina ta ɗauke, ya sa a share ciyawa daga jikin azuzuwa, a daina ƙona shara ranar iska. Mu rubuta lambar 'yan kwana-kwana a bangon ofis, mu gayyace su su yi wa yara bayani, mu gwada fita daga aji cikin tsari sau ɗaya a kowane zango. Mu koya wa ɗalibai su faɗa wa iyayensu a buɗe wa motar kashe gobara hanya, kada kuma a jefi ma'aikata in sun makara, domin sau da yawa rashin ruwa da cunkoso ne sanadi.

Bayan gobara kuwa, yaron da gidansu ya ƙone zai zo mana ba littafi, ba kayan makaranta, wataƙila ba barci. Kada mu kore shi saboda rashin yunifom. Muna ba da shawara reshenmu ya buɗe ɗan asusu domin irin waɗannan yara da 'yan uwanmu malamai da gobara ta shafa, a tattauna shi a zama mai zuwa.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya saka wa masu kashe gobara da alheri.