Ɗalibin Ilmin Ƙasar Noma da Gonakin Illela

Ɗalibin da ke neman babban digiri kan lafiyar ƙasar noma a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, bai kamata ya tsaya ga ɗakin gwaji kaɗai ba. Ya tafi Illela, bakin iyaka da Birnin Ƙonni. Can ne manomi zai bambance masa jigawa da fadama da faƙo, ya nuna masa gawo, mai kaɗe ganye da damina, gero ya yi kyau ƙarƙashinsa. In ya ƙetara jihar Tawa kuwa, zai tarar da tassa, wato ramukan taki masu tare ruwan sama, waɗanda aka soma raya faƙo da su a 1989. To, ina aka kwana game da faƙon Illela? Nan bincikensa zai fara.