Bayan Tiyatar Zuciya, A Lura da Ƙwaƙwalwa

Yau batunmu shi ne shanyewar ɓarin jiki bayan tiyatar zuciya.

A shekarar 2017, an yi wa ɗan wasan fim na Amurka Bill Paxton tiyatar zuciya da babbar jijiyar jini. Ba a cika mako biyu ba, shanyewar ɓarin jiki ta yi ajalinsa.

Me ya haɗa zuciya da ƙwaƙwalwa? Jini ne. Kitsen da ya daskare a bangon jijiya yakan ɓantare yayin aiki, jini ya kwashe shi, ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye. Bayan aikin ma, bugun zuciya yakan rikice, jini ya yi guda, gudan ya bi wannan hanyar. Haɗarin ya fi yawa ga dattawa, da masu hawan jini ko ciwon sukari.

Tiyatar tana ceton rayuka, kuma yawanci ana fitowa lafiya. Amma mai jinya, ke ko kai da ke bakin gado, ku sa ido. Baki ya karkace, cokali ya suɓuce daga hannu, magana ta sarƙe? Kada ku ce gajiya ce. Kada ku jira safiya. Ku kira likita nan take.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A huta lafiya.