Barikin da Ba Kowa da Sojan da Ba Shi da Ɗaki: Labarin Ingila cikin 1946

 

Maganar yau a kan dukiyar Gwamnati ce wadda aka gama aiki da ita aka kulle, da mutumin da ya fi kowa cancantar a buɗe masa ita, watau sojan da ya komo daga yaƙi. Ba a ƙasar nan abin ya auku ba, a Ingila ne, cikin shekara ta 1946. Amma shekarar ba baƙuwa ba ce a nan, gama a cikinta ne jiragen ruwa suka yi ta sauke sojan runduna ta 81 da ta 82 a Ikko, waɗanda suka yi yaƙin Bama. Sojan nan galibinsu sun tarad da gidan uba da gona, abin da ya dame su aiki ne, shi ya sa tun 1945 Gwamnatin Nijeriya ta yi doka ta sama musu aiki, da yawa kuma suka shiga En'e, wani ɗan doka, wani masinja, wani direba. Sojan Ingila shi tasa damuwar dabam ce. Aiki akwai, wurin kwana ne babu.

Sa'ad da aka ƙare yaƙi cikin 1945, Ingila na da mutum wajen miliyan 5 cikin damara, maza da mata. Ran 18 ga watan Yuni aka fara sallama, bisa ga shekarun mutum da daɗewarsa a soja. Kowane namiji aka ba shi kwat da wando da hula, da kuɗin sallama. Ɗaki ne ba a iya ba shi ba. Bom na Jamus ya rushe gidaje fiye da 200,000, ya raunana waɗansu ninkin ba ninkin haka, shekara shida kuwa kusan ba a aza tubali ba, zama magina suna bakin daga. Aure da haihuwa su ba su tsaya jiran a gama yaƙi ba. Sai ka ga mutum ya yi shekara biyar yana kwana a rami, ya komo, ba shi da inda zai sa matarsa da 'ya'yansa sai ɗaki guda a gidan surukansa. Wanda ya san kunyar suruki ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan zama.

Rabon gidaje yana hannun majalisun garuruwa da na karkara, waɗanda su ne kamar En'e a can. Kowace majalisa tana da littafin masu jira, ana duban yawan 'ya'yan mutum, da matsin da ya ke ciki, da hidimarsa a soja, kana a ba shi matsayi a layi. Littafi mai kyau ne, sai dai sunaye na shiga ta gaba ba sa fita ta baya.

A wannan lokaci kuwa ƙasar cike ta ke da sansanin soja waɗanda aka watse aka bari. Yawancin ɗakunansu irin wanda wani hafsa mai suna Nissen ya ƙago ne cikin 1916: kwano ne a ke lanƙwasawa kamar an raba ganga biyu an kifa a ƙasa, a yi daɓen siminti, a sa ƙofa da taga a goshi. Ba ɗakin alfarma ba ne, amma yana tare ruwa. Waɗansu sansanin na Ofishin Yaƙi ne, waɗansu na ofishin jiragen sama, waɗansu na ofishin ayyuka, maganar gidajen jama'a kuwa tana wuyan Wazirin Lafiya, Mista Aneurin Bevan, cikin Gwamnatin Mista Attlee. Wanda ke da ɗakin ba shi ke da masu jira ba, wanda ke da masu jira ba shi ke da mabuɗi ba. Duk wanda ya taɓa bin takarda daga ofis zuwa ofis ya san yadda irin wannan ke ƙarewa. Ciyawa ta yi ta tsiro a bakin ƙofa, ɓarayi na kwance famfo da katako, takarda na tafiya a hankali.

An yi gargaɗi tun da wuri. Cikin bazarar 1945, a garin Brighton na bakin teku, wani mai share bututun hayaƙi, Harry Cowley, ya tara waɗansu tsofaffin soja, suka riƙa buɗe gidajen da ba kowa da dare suna sa iyalan soja a ciki. Gwamnati ta ƙara wa majalisu ikon karɓar gidan da aka bari ba kowa, aka ce magana ta mutu. Ashe kwanciya ta yi.

Cikin watan Mayu 1946 wani mai nuna majigi a garin Scunthorpe, da ya rasa inda zai sa iyalinsa, ya kwashe su ya shiga ɗakin cin abincin hafsoshi na wani sansanin masu harbin jirgin sama da aka bari. Ba wanda ya hana shi. Waɗansu suka bi shi. Aka ɗauki hotonsu aka nuna a majigi, sa'an nan cikin watan Agusta abin ya bazu ko'ina kamar wutar daji, mutane na tura kayansu a keken jarirai da amalanke, suna nufar sansani mafi kusa. Kamin watan Oktoba ya yi nisa, lissafin da Gwamnati ta bayar ya nuna mutum wajen 40,000 cikin sansani fiye da 1,000 a Ingila da Wels, da yawansu tsofaffin soja ne da matansu.

Abin da ya kamata ma'aikaci shi lura da shi a nan, shi ne yadda mutanen suka zauna. Ba su shiga kamar 'yan wasoso ba. Mutum ya zaɓi ɗaki, sai ya rubuta sunansa da alli a ƙofa, na baya ya gani ya wuce. Ba a jima ba kowane sansani ya naɗa 'yan majalisarsa, da shugaba, da magatakarda, da ma'aji. Aka raba aikin shara da gyaran shadda, aka tsai da mai tsaron ƙofa. Abin mamaki ma, a wurare da yawa sun riƙa tara kuɗin haya kowane mako tun ba wanda ya tambaye su, suna ajiyewa domin ranar da hukuma za ta zo karɓa. Dalili a fili ya ke. Mutumin da ya yi saje ko kofur shekara huɗu ya san yadda a ke tsare bariki, ɗakunan nan kuwa a cikinsu ya koyi aikin. Nufinsu shi ne su nuna su masu haya ne da ba a rubuta ba tukuna, ba ɓarayi ba. Jama'ar gari da jaridu da yawa suka goyi bayansu, 'yan sanda kuwa galibi suka tsaya kallo.

Amma kada a ce Gwamnati ba ta da hujja. Ga mace mai 'ya'ya biyar ta sa sunanta a littafi tun bara, ta yi haƙuri ta bi doka, ga wani ya ɓalle kwaɗo jiya ya sami ɗaki yau. In aka bar wannan, an koya wa mai haƙuri cewa wauta ya yi. Wannan magana ce mai nauyi, mai rabon gaskiya ba zai raina ta ba. Ban da haka waɗansu sansanin an riga an tanade su domin wata bukata, waɗansu kuma ba ruwa ba magudana, ana tsoron annoba.

Inda Gwamnati ta ja daga shi ne Landan. Ran 8 ga watan Satumba 1946 ɗaruruwan mutane, da jagorancin jam'iyyar Kwaminis, suka shiga waɗansu manyan benaye na masu kuɗi a unguwar Kensington, waɗanda Gwamnati ta karɓa aro lokacin yaƙi tana shirin mayar wa masu su. Nan ba a yi sassauci ba. Aka kama shugabanni biyar aka kai su gaban alƙali, aka same su da laifi, ko da ya ke ba a ɗaure su ba, mutanen kuma suka fita kamin wata ya ƙare. Dukiyar mutane ke nan. Sansani kuwa dukiyar Gwamnati ce, ba ta da wanda za ta ce ta tsare wa. Sai ofishin ayyuka ya miƙa wa Wazirin Lafiya sansani wajen 850, aka danƙa riƙonsu ga majalisun garuruwa da na karkara, aka bar mafi yawan mutanen inda su ke.

To, a nan laifin ya fito. Ɗakunan da aka iya bayarwa bayan an ɓalle ƙofa, su ne dai ɗakunan da ke tsaye ba kowa watanni kamin haka. Ba tubali ko ɗaya da ya ƙaru. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ɗauki littafin ɗakunan da ba kowa da littafin masu jira, ya aza su kan tebur guda. Da an yi haka, da mai haƙurin nan ita za ta fara shiga, da kuma an tarad da famfo da taga ba a sace ba.

Shaidar cewa abin mai yiwuwa ne tana Amurka. Can tun 1944 aka yi dokar rarar kayan yaƙi, aka sa tsohon soja cikin waɗanda za a fara ba. A birnin Los Angeles hukumar gidaje ta birni ta karɓi ɗakunan kwano 750 na rarar soja, ta kafa su a wani tsohon filin jirgin sama, ta raba kowanne biyu, ya ɗauki iyali 1,500. Aka sa wa wurin sunan wani soja, Rodger Young, wanda aka kashe a yaƙin Japan cikin 1943. An buɗe shi cikin watan Afrilu 1946, watau kamin mai majigin Scunthorpe shi ɗaga kayansa. Baƙar fata da farar fata suka zauna maƙwabtan juna a ciki, abin da ba a saba gani ba a Amurka ta wannan zamani. An tashe shi cikin 1954.

A Ingila wahalar ta koma kan malaman majalisa, irin aikin da ba a kan buga a jarida ba. Sai an jawo ruwa da lantarki, an gina shadda, an gitta bango a raba ɗaki domin kada uba da 'ya'ya mata su kwana wuri guda, an sa murhu, an yanka haya, an ba kowa littafinta, an aiko duba-gari. Kwano kuwa ba shi da amana. Da zafi tanda ne, da sanyi numfashin mutane kan taru a rufi shi riƙa ɗiga kan shimfiɗa. Aka yi rashin sa'a hunturun farkon 1947 ya zo da tsanani irin wanda aka daɗe ba a gani ba, ƙanƙara ta rufe hanyoyi tun ƙarshen Janairu har cikin Maris, kwal ya yi wuya. Masu jarirai a ɗakin kwano sun sha azaba a wannan shekara.

An ce zaman na ɗan lokaci ne. Waɗansu sansanin sun kai shekara goma da mutane a ciki, gama da an fid da iyali an ba su gida, sai majalisa ta sa wani iyalin a gurbinsu, tun da layi bai ƙare ba. Yara suka tashi ana kiransu 'yan sansani a makaranta. Majalisar da ta yi dabara ita ce wadda ta dubi ƙasar da ɗakin ke kai, ba ɗakin kaɗai ba. Kusa da Oxford akwai wani filin jirgin sama, Mount Farm, inda aka zaunad da mutane cikin ɗakunan soja bayan yaƙi. Cikin 1957 aka sayad da filin, majalisar karkara ta Bullingdon ta gina sabon ƙauye a kansa, aka kira shi Berinsfield, mutanen ɗakin kwano suka koma gidan tubali ba tare da sun bar wurin da suka saba ba.

Saura wani kashin soja da ba a ambata ba, su ne waɗanda aka tanadi waɗansu sansanin dominsu. Mutanen Polan dubbai sun yi yaƙi ƙarƙashin hafsoshin Ingila, a Italiya da Faransa da cikin jiragen sama. Da aka ƙare, ƙasarsu ta faɗa hannun Rasha, da yawansu suka ƙi komawa don tsoron abin da zai same su. Su ba su da ko gidan suruki. Cikin 1947 Majalisar Ingila ta yi musu doka ta kansu, aka zaunad da su da iyalansu cikin tsofaffin sansani. Ɗaya daga ciki shi ne Ilford Park, a ƙasar Devon, wanda asalinsa asibiti ne da aka gina domin sojan Amurka da za a raunana a yaƙin ƙetare teku zuwa Faransa na 1944. An buɗe musu shi cikin 1948. Sauran sansanin aka yi ta rufewa ɗaya ɗaya yayin da mutane suka sami aiki da gida, wannan kuwa ya saura, gama waɗanda suka rage a ciki tsufa ya cim musu, waɗansu ma har Ingilishin da suka koya ya kuɓuce musu. Cikin 1992 aka gina musu sabon gidan jinya a wurin, ƙarƙashin riƙon Gwamnati, mutanen yankin na kiransa Ƙaramar Polan.