Taimakon Ma'aikatan Kwamfuta 'Yan Sa Kai: Abin Da Ya Auku A Haiti

Ranar 12 ga watan Janairu 2010 girgizar ƙasa ta auka wa Haiti, ta ragargaza babban birninta, watau Fotofirans. Kafin ƙura ta lafa, waɗansu ɗalibai na Jami'ar Tufts, kusa da birnin Boston a Amurka, suka zauna da kwamfutocinsu, suka shiga zana taswirar inda mutane ke neman agaji. Sun yi amfani da Ushahidi, wata manhaja da 'yan Kenya suka ƙirƙiro a 2008 lokacin rikicin zaɓen ƙasarsu. Aka kuma buɗe lamba 4636, wadda kowa zai aika wa saƙo kyauta. Saƙonnin da harshen Kiriyol suke zuwa, saboda haka 'yan Haiti mazauna ƙetare suka riƙa fassara su dare da rana, ba da ko kwabo ba.

Wannan aiki abin yabo ne, babu shakka. Amma da makonni suka shuɗe sai wahalarsa ta fito fili. Ɗalibi dai ɗalibi ne, karatu na jiransa. Mai fassara kuma yana da iyali da wurin aikin da ke biyansa albashi. Wanda ya zo don Allah, ba mai ikon tsare shi ran da ya gaji. Bugu da ƙari, manyan hukumomin agaji ba su da wata shiryayyar hanya ta karɓar labarin da 'yan sa kai ke tarawa, kamar yadda wani rahoto da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hannu a cikinsa ya nuna a 2011. Daga bisani sai aka miƙa aikin fassarar ga 'yan ƙasar a garin Mirbale, ana biyansu lada.

To, wannan magana ta shafi ƙungiyoyin 'yan Arewa da ke Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan. Sau da yawa saurayi guda ne, wanda Allah ya ba ilmin kwamfuta, ke riƙe da sunayen marayu, da lissafin kuɗin makarantar Islamiyya, da na asusun jana'iza. Dattawa su sa masa albarka, shi ke nan. Ran da ya sami aiki a wani gari, ko ya gama bautar ƙasa ya koma gida, sai kalmar sirri ta tafi tare da shi, a wayi gari ma'aji bai san wa ya biya ba, wa ake bi. Ba laifin yaron ba ne, don ba wanda ya ɗauke shi aiki.

Abin da ya kamaci shugabanni shi ne kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu ko uku, a riƙa buga lissafi a takarda kowane wata ana ajiyewa wurin magatakarda, a kuma yanka wa mai aikin ɗan alawus daga asusu, ko da na kuɗin mota da katin waya ne.