Kafin a Kunna Murhu: Yadda Mai Kek Za Ta Zauna da Masu Biki

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu mata, mai sana'ar kek a Maraɗi, ta gabatar a zaman mata na taron cika shekarar ƙungiya. Mun kawo shi ne bisa roƙon waɗanda ba su samu halarta ba.

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, 'yan uwana mata na nan gida da waɗanda suka tsallako daga Katsina, Jibiya, Daura da Illela, sannunku da hanya. Allah ya maimaita mana, ya ƙara haɗa kanmu.

An ce in yi magana a kan sana'ata. Mu a nan muna cewa gato, 'yan uwanmu na Najeriya suna cewa kek, abu ɗaya ne. Na san a cikinku akwai masu tirela, akwai masu sito cike da shinkafa, wani zai ce me ya kawo zancen kek cikin taron manyan 'yan kasuwa. To, ku yi haƙuri ku saurara, domin abin da zan faɗa ya shafi duk wanda ke karɓar kuɗin mutum yau don ya ba shi kaya wata rana: tela, kafinta, mai ɗinkin labule, mai haɗa kayan gara. Bambancinmu da ku ɗaya ne. In kayanka suka makara kwana biyu a Magama, za ka ba da haƙuri a karɓa. Kek ɗin biki in ya makara awa biyu, an riga an watse.

A sana'ar nan, yawancin rigima ba a wajen gashi take farawa ba. A ranar da aka zauna aka yi magana take farawa. Shi ya sa zan tsaya a kan zaman nan da kuma ɗanɗano.

Abu na farko, ki san wa ke da magana. Amarya za ta kira ki, ƙawarta ta turo hoto daga Instagram, gwaggo ta ce launin bai yi ba, ango kuma shi ne zai biya. In kika biye wa kowa, za ki yi kek huɗu a cikin kanki, ki kasa gamsar da ko mutum ɗaya. Tun a kiran farko ki yi tambaya cikin ladabi: "Hajiya, in za a canza wani abu, bakin wa zan saurara?" Ki rubuta sunan mutum ɗaya da lambarsa. Duk wanda ya kira daga baya ya ce a ƙara hawa ko a sauya fure, ki ce to, bari in ji daga wance. Ba raini ba ne, kare zumuncinsu kike yi, kina kuma kare kanki.

Kafin ki kira kowa ɗanɗano, akwai tambayoyi biyar da ake gamawa ta waya. Wace rana ce? A wane gari, kuma cikin zaure mai sanyi ne ko a fili ƙarƙashin rumfa? Wane zama ne, kamu, walima ko dina? Mutum nawa ake so su ci? Nawa aka ware? Mutanenmu suna jin nauyin tambaya ta ƙarshe, amma ita ce ta fi hutar da kowa. In abin da suka ware bai kai kuɗin kayan haɗinki ba, gara a sani tun ba ki fasa ƙwai ko ɗaya ba. In kuma ranar ta faɗo cikin watan Sha'aban, ko bayan Salla, ko hutun Disamba, lokacin da biki ke cunkushewa, ki duba littafinki da gaskiya. Hannu biyu gare ki, murhu ɗaya. Ki ce ba zan iya ba, ki tura su wajen wata 'yar uwa, ya fi ki karɓa ki kunyata su gaban baƙi.

Sai ɗanɗano. Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma ɗanɗano kyauta yana cinye ƙaramar mai sana'a. Fulawa, ƙwai, bota, gas da rabin yini duk kuɗi ne. Ki sa masa farashi kaɗan, ki faɗa tun farko cewa in an yi ciniki za ki cire shi daga jimla. Wadda ta zo da niyya ba za ta ji ciwo ba, wadda ta zo shan shayi kuma ba za ta dawo ba. Ki ƙayyade mutum biyu ko uku. Ki kawo kala uku, kada su wuce huɗu, domin harshe yana gajiya, bayan na huɗu komai zaƙi ne kawai. Ki fara da mai sauƙi irin na banila ko kwakwa, ki ƙare da mai nauyi irin na cakulan. Ki ajiye ruwa mara sanyi sosai a gefe, ban da lemon kwalba. Ki fito da kek daga firij da wuri ya huce, domin bota in ya yi sanyi yana daskarewa, sai a ce kek ɗinki ya bushe alhali lafiyarsa lau.

Wata dabara da ke rage asara: ki ware rana ɗaya a wata ta ɗanɗano, ki yi kwaɓi ɗaya na kowace kala, ki yanka ƙanana ki jera a kwali, kowane da sunansa a rubuce. Masu biki uku ko huɗu za su ci daga gashi ɗaya. Wadda ke Katsina ko Damagaram ma ana iya aika mata kwalinta da direban da kika yarda da shi, in dai ba mai kirim ɗin da ke buƙatar sanyi ba ne. Sharaɗi guda ne: abin da aka ɗanɗana shi za a kai ranar biki. Kada a yi ɗanɗano da bota mai kyau, ranar biki a koma mai araha. Wannan ha'inci ne, kuma a garuruwanmu labari ba ya kwana.

A wajen ɗanɗanon ne za ki tambayi abin da jiki ba ya so. Akwai masu cin gyaɗa jikinsu ya kumbura, akwai waɗanda madara ko ƙwai ke tayar wa da ciwo, akwai iyaye masu ciwon sukari. Ki faɗi abin da ke cikin kek ɗinki ba ɓoye-ɓoye. Ki kuma karanta jikin kwalba kafin ki saya, domin wasu ruwan ƙamshi na banila da ake shigowa da su da giya ake haɗa su, wani jelatin kuma daga alade ake samo shi. Kek mai busassun 'ya'yan itace da ake yi a wasu bukukuwan kudu da na ƙasashen gaɓar teku, sau da yawa a cikin giya ake jiƙa 'ya'yan. In mai biki ta nuna miki irinsa, ki gaya mata da ruwan lemu ko shayi za ki jiƙa naki, ɗanɗanon zai ɗan bambanta.

Yanzu zancen hoto. Hoton da aka turo miki wataƙila a Dubai ko Landan aka ɗauke shi, cikin ɗaki mai sanyi. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, bota kuma tun bai kai digiri 35 ba yake narkewa. Kirim ɗin madara da ake bugawa ba ya jure fili ko kaɗan. Rufin sukari da ake murzawa kamar zane ya fi riƙe siffa, amma in aka fito da shi daga firij zuwa iska mai ɗumi sai ya yi gumi, a damina kuma laima tana sa shi laushi. Duk wannan ki faɗa wa mai biki a zaune, da bakinki. Ki ce: "Wannan zan iya, wannan ba zai jure rumfa da ƙarfe huɗu na yamma ba, ga abin da zai jure." Ki nuna hotunan aikin hannunki, ba na wasu ba. Launi kuwa kada ki yarda da waya, kowace waya da yadda take nuna shi. Ki ce a kawo miki ƙyallen ankon.

Girma ma a yi shi da lissafi. Hawa uku masu faɗin inci 6, 8 da 10, wato santimita 15, 20 da 25, in an yi yankan biki ƙanana, suna isar mutum 70 da ɗoriya. In ana son tsayi don hoto amma kuɗi bai kai ba, ana yin wasu hawan da soso mai tauri a lulluɓe su da ado, sai a gasa wani kek a faranti mai faɗi a ajiye a baya don rabawa. Ba abin kunya ba ne, amma a gaya wa ango da amarya hawan da za su sa wa wuƙa.

Na zo kan kuɗi, inda mu mutanen iyaka muke da namu ciwon kai. Dala a bakin Bamaraɗe sefa biyar ce, a bakin Bakano kuɗin Amurka ne. Jika a nan sefa 1,000 ce, jaka kuwa a tsohon lissafin Najeriya naira 200 ce. Saboda haka kada a rabu a kan magana ta baki ko saƙon murya. A rubuta adadi da lamba, a rubuta sefa ce ko naira. Sefa tana ɗaure da yuro, naira kuwa kun ga abin da ya faru: a farkon 2023 dalar Amurka ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wadda ta yanke farashi da naira wata uku kafin biki, tana sayen kaya da sefa, aikin banza ta yi. Ki yanke farashi da kuɗin da kike sayen kayan haɗi da shi, ki ce wannan farashi na mako biyu ne, bayan haka sai an sake lissafi.

Ki karɓi kafin alƙalami, rabin kuɗi, kuma rana ba ta zama tasu ba sai ya shigo. Da ya shigo, ki sayi abin da ba ya lalacewa da wuri: fulawa, sukari, kwali, katakon ɗorawa. Kada ki juya kuɗin a wani cinikin da niyyar mayarwa, amana ce. Ragowar a cika mako guda kafin biki. Ranar biki ba ranar bin bashi ba ce, kowa ya san bayan an watse aljihu a bushe yake. Ko ta Nita aka turo, ko ta Amana, ko ta asusun banki a Najeriya, a faɗi wanda zai biya kuɗin turawa da na canji, ki kuma ajiye shaidar.

Takardar da za ku riƙe ba sai ta yi tsawo ba. Rana, wuri da lokaci. Yawan hawa da faɗinsu. Kala da launi. Ɗan zane da hannunki. Jimla, abin da aka bayar da abin da ya rage. Ranar ƙarshe ta canza ra'ayi. Wanda zai ɗauko ko ya karɓa. Ki karanta musu da Hausa, ki ɗauki hotonta ki tura ta WhatsApp, su amsa. Ki sa har da abin da ba a fata. Biki yakan ɗaga saboda rasuwa ko rashin lafiya. Ni abin da nake ganin adalci shi ne, in an sanar kafin a fara gashi, a matsar da rana ba tare da ƙarin ko dala ba. In an fasa gaba ɗaya, a cire abin da aka riga aka kashe, a mayar da saura.

Ku kuma sa zancen iyaka a ciki. Ba mu manta ba, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, firij da yawa suka zama akwati, sai a 2024 abubuwa suka sassauta. Biki bai tsaya ba a duk tsawon lokacin nan, domin dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Wadda ta karɓi aikin tsallake, ta rubuta abin da za a yi in hanya ta toshe.

Ko hanya a buɗe take, kada a ɗauki kek a haɗe daga Maraɗi zuwa Katsina. Kowane hawa da kwalinsa, a sanyaya shi sosai, a ajiye a shimfiɗe a ƙasan mota, ba a cinya ba, ba a kan kujera mai gangare ba. A tashi da asuba. A yi wa kwalin taga da leda mai haske, don jami'in duwan a Ɗan Isa ko na kwastan a Magama ya ga abin da ke ciki ba sai an buɗe wa ƙura ba. A tafi da guzurin kirim da wuƙar gyara, a haɗa hawan a wurin biki, a ɗauki hoto, a damƙa wa wanda aka ambata a takarda.

Daga ƙarshe, ranka ya daɗe, ina da roƙo uku ga ƙungiya. Na ɗaya, a tattara sunayen mambobi masu kek, alkaki, dubulan da nakiya na kowane gari, domin in an ba ni aikin Daura in san wadda zan miƙa wa, mu raba riba, maimakon in jefa kayan mutane cikin haɗarin hanya. Na biyu, a buga mana takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa, da Faransanci da Ingilishi a bayanta, kowa ya riƙa cikewa. Na uku, kwamitin sulhunmu ya riƙa sauraron ƙananan ƙorafi irin namu. Kuɗin ba su kai na tirela ba, amma ga mace mai murhu ɗaya, jarinta ke nan gaba ɗaya.

'Yan uwana mata masu tasowa, ku koyi gashi, ku kuma koyi zama da mutane. Uwar da ta zo gabanki ta yi shekaru tana tanadin wannan rana. Ki saurare ta, ki gaya mata gaskiya, ki rubuta, sannan ki cika.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.